But ɗin Fijon Babanmu

Ya kai mai karatu, tun da ka fara koyon Hausa wataƙila ka lura da wani ɗan ƙarfe da Bahaushe ya raɗa wa suna biyu. In zai fita daga ɗaki sai ya ce a miƙo masa makulli, in ya dawo kuma ya ce ina mabuɗi. Ƙarfen ɗaya ne. Sunan farko daga “kulle” ya fito, na biyu daga “buɗe”, kuma duk wanda ka kira za a gane ka daga Sakkwato har Yola. Abin da ake zura shi a ciki ma iri biyu ne. Wanda ake ratayawa a ƙofa a cire shi ne kwaɗo, wanda aka dasa a jikin ƙofa ko a jikin mota kuwa ita ce kuba. Ka riƙe waɗannan kalmomi huɗu, domin labarin da zan ba ka na wata kuba ce da mabuɗinta ya ɓata, a jikin but ɗin wata tsohuwar mota, da yadda muka wuni a kanta mu goma sha wani abu kafin ta yarda ta buɗe.

Motar Peugeot 504 ce, wadda bakin Hausawa ya mayar Fijo. In kai ɗan zamanin nan ne, mai yiwuwa ba ka taɓa ganinta ba sai a bakin garejin kanikawa, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Amma ka tambayi kakanka, ko a Ibadan yake ko a Owerri, za ka ga fuskarsa ta sake. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975 aka buɗe masana’antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin garin Kaduna, aka kuma ci gaba da fitar da 504 daga can har 2006, shekaru da dama bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu. Ita ce motar manyan ma’aikatan gwamnati, ita ce ta ’yan sanda. Mai dogon bayan nan ita ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Jos, a-kori-kurarta kuma na ɗaukar buhunan masara a ƙauye. Tana da tsayin ƙafa, ba ta tsoron gargada, kuma kowane bakanike a ƙasar nan ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Babanmu malamin gona ne. Ya sayi tasa a 1979 da rancen mota da ake ba ma’aikata a lokacin, fara sol, da zakin nan na ƙarfe a goshinta. Shekara 25 yana tuƙa ta zuwa ƙauyukan da yake duba gonaki, har yanar ido ta hana shi tuƙi. A 2004 ya sa aka ɗora ta a kan bulo ƙarƙashin darbejiyar gidanmu a Tudun Wadan Kaduna. Masu saye suka yi ta zuwa, yana sallamar su da fara’a. Mutane suka ce son tsohuwar abokiyar tafiya ne ya hana shi rabuwa da ita. Da wannan, amma da wani dalilin kuma.

But shi ne ma’ajin kaya da ke bayan ƙaramar mota. Ban da Volkswagen ɗin nan da Yarbawa ke kira ijapa, wato kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas: ita injinta ne a baya, but ɗinta a gaba. To, Baba ya mai da but ɗin Fijonsa rumbu, kuma in ka duba da kyau ya yi hikima. Gara ba ta cin ƙarfe, ɓera ba ya huda shi, robar da ke bakin murfin tana hana ruwan sama shiga. Ɓarawon da ya hauro katanga kuwa ɗaki zai nufa, ba zai ɓata lokacinsa a kan matacciyar mota ba. Jifa-jifa bayan la’asar mukan gan shi ya buɗe but ɗin, ya sunkuya ciki, ya daɗe, sannan ya rufe. Ba mai tambayarsa. Mabuɗan suna ɗaure da zare a aljihun ’yar cikinsa.

Allah ya yi masa rasuwa a farkon 2013, a asibiti. Cikin ruɗanin kwanakin nan aka yi sadaka da tufafinsa, aka share ɗakinsa, baƙi na shiga suna fita. Da hankali ya kwanta aka nemi mabuɗan mota, sama ko ƙasa aka rasa. Ba wanda ya damu ƙwarai. Aka ce in an zo rabon gado a san yadda za a yi.

Kwana kaɗan bayan sadakar arba’in, wata Alhamis cikin watan Maris, wata mata ta yi sallama a gidanmu. Inna tana cikin takaba, wato zaman wata huɗu da kwana goma da mace kan yi in mijinta ya rasu, amma tana jin muryar ta gane ta. Ɗiyar tsohon maƙwabcinmu ce, wani Ibo mai sayar da kayan gini, wanda ya sayi gidan da ke jikin namu tun kafin a haife ni. A unguwar aka haifi wannan ɗiya, tare muka yi wasan ƙasa, Hausarta kuwa ba ta da maraba da tawa. A rikicin da ya auku a Kaduna cikin Fabrairun 2000, ita da iyayenta da ƙannenta sun kwana biyu a ɗakin Inna, daga nan suka koma Enugu. Labarin rikicin na bar wa malaminka na tarihi. Abin da ya shafe mu shi ne, daren da za su tafi, mahaifinta ya danƙa wa Baba wani akwatin ƙarfe da takardun gidansa a ciki, ya ce ya riƙe masa har ƙura ta lafa. Ya rasu bai sake zuwa Kaduna ba. Baba ya ci gaba da karɓar kuɗin haya yana aika wa iyalinsa.

Ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwa, suka yi kuka tare. Sannan ta faɗi abin da ya ƙara hanzarta zuwanta. Baba na rasuwa, wani mutum ya taso da wata takarda yana cewa tun tuni aka sayar masa da gidan, har ya fara ba ’yan haya notis. An sa ranar Litinin za a zauna gaban hakimi. “Mama,” in ji ta, “da kuɗin hayar nan uwata ke cin abinci. In ban je da takardun asali ba, ba ni da bakin magana.”

Muka birkice gidan ranar da kuma Juma’a. Ƙarƙashin gado, saman silin, cikin adakar Inna, ba akwati ba alamarsa. Da magariba Inna ta yi magana daga bakin ƙofarta. Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ko bayan ransa. Ta ce, “Malam ba ya ajiye kayan mutane a ɗaki. Ku duba bayan motarsa.”

Yayana, wanda ke bi wa babbar yayarmu, mutum ne mai zafin nama. Nan take ya ɗauko ƙarfen cire taya, ya ce minti biyu ya ishe shi ya banƙare murfin. Kada ka yi saurin ganin laifinsa, hujjarsa tana da ƙarfi: mota ce da ta shekara tara ba ta motsa ba, a ɗaya gefen kuma gidan gwauruwa ne ke shirin salwanta. Baffanmu, ƙanen Baba, shi ya riƙe masa hannu. Ya ce tun ranar da Baba ya cika motar ta tashi daga tasa ta koma ta magada, cikinsu kuwa har da ƙannenmu biyu da ba su balaga ba, don haka ba wanda ke da ikon lalata ko madubinta shi kaɗai. Ya ce a shari’a ba a raba gado sai an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa, ajiyar wani kuwa ba ta ma shiga lissafin gado, mayar da ita ake yi. Abin da za a mayar kuma ba a buɗe shi da dare, a buɗe shi da rana gaban shaidu, don kada gobe wani ya ce an zare wani abu. Ya ƙara da wata magana ta masu sanin mota: murfin da aka banƙara yakan lanƙwashe ya ƙara cije harshen kuba, a tashi ba wan ba ƙanen.

Da sassafen Asabar Baffa ya tafi Panteka. Kasuwa ce a Kaduna ta tsofaffin ƙarafa da kayan gyara, inda maƙera da masu walda da masu narka dalma ke mai da abin da aka zubar abin amfani. Wajen ƙarfe tara ya dawo tare da wani dattijo mai yankan mabuɗi, siriri, da furfura a gemu, yana ture da tsohon keke. A bayan keken akwai jakar buhu. Da ya zazzage ta a kan tabarma sai ga magagari iri uku, da filaya, da ’yar kwalbar mai, da tocila, da wani zoben waya da aka jera wa mabuɗai sun fi ɗari.

Bai ko kalli motar ba sai da aka gama gaisuwa. Sannan ya dubi Baffa ya ce, “Alhaji, motar wa ce?” Aka faɗa masa. “Ina takardunta?” Aka kawo, ya sa ni na karanta masa lambar da ke ciki, ya tashi ya gwada da ta jikin motar. “Wa ya ce a buɗe, kuma wa zai shaida?” Baffa ya ce an aika wa mai unguwa. Dattijon ya koma ya zauna, ya ɓare goro, ya ce to a jira shi. Yayana ya kasa haƙuri ya ce, “Baba, a cikin gidanmu fa muke, mun yi kama da ɓarayi ne?” Dattijon ya yi murmushi ya ce, “A’a, ɗana. Amma kuba ba ta san mai ita ba, haƙoran mabuɗi kaɗai ta sani. Tambayar da ba ta iya yi, ni nake yi mata.”

Na ga masu sana’a da yawa a rayuwata, kuma a ganina a nan ake gane na ƙwarai. Hannun da ya iya buɗe but ɗin marayu shi ne dai ya iya buɗe shagon wani da tsakar dare. Ilimin ɗaya ne, magagarin ma ɗaya. Minti arba’in ɗin da muka yi muna jiran mai unguwa sun yi mana tsawo, amma su ne suka sa ba wanda ya iya tsinka wa abin da ya fito daga but ɗin ko zare ɗaya ranar Litinin.

Kafin ka gane aikin da dattijon ya yi, sai ka san abin da ke cikin kuba. A tsakiyarta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kama da guntun rake, wanda ke juyawa in an murɗa mabuɗi. A jikinsa an yanka ramuka a jere, cikin kowane rami akwai ɗan fallen tagulla siriri, yawanci biyar ko shida a kubar tsofaffin motoci. Ƙarƙashin kowane falle akwai ɗan sifirin da ke tura shi waje, bakinsa ya maƙale a jikin gidan kubar, ya hana dunƙulen juyawa. Haƙoran mabuɗi kuwa, da kake gani wani dogo wani gajere, kowanne an auna shi ne da falle ɗaya. In mabuɗin gaskiya ya shiga, sai ya janyo dukkan fallayen su daidaita da jikin dunƙulen a lokaci guda, hanya ta buɗe. Ko ɗaya ya rage a waje, kuba ba za ta motsa ba.

Da mai unguwa ya iso aka shimfiɗa masa darduma a inuwa, dattijon ya yi bisimilla ya fara da abu mafi sauƙi. Ya ɗiga kananzir a ramin mabuɗin don ya wanke ƙura da tsatsa, ya bi da ɗigon mai, ya danna maɓallin ya saki sau da yawa. Ya ce ya sha zuwa aiki ya tarar kubar ba a kulle take ba, datti ne kawai ya riƙe ta. Tamu a kulle take. Sai ya koma ga zoben mabuɗansa. Kubar da ta sha shekaru fallayenta kan side, har ta karɓi mabuɗin da ya yi kama da nata ko da ba shi ba ne. Ya zaɓi wajen ashirin, yana zura kowanne a hankali yana ɗan girgiza shi. Biyu suka shiga har ƙarshe, ba wanda ya juya.

Hanya ta uku ita ce ta ƙofa. A motoci da yawa na wancan zamani mabuɗin ƙofa shi ne na but, don haka in an kwance kubar ƙofa aka dubi fallayenta, sai a yanka sabon mabuɗi a kansu. Ƙofofin motar a buɗe suke. Ya leƙa kubar ƙofar direba ya girgiza kai, ya ce wannan ba da ita aka haifi motar ba. Inna ta tabbatar daga ɗaki: an taɓa fasa motar an sace rediyo, Malam ya sa aka canza kubobin ƙofa duka.

Saura hanyar kujerar baya. Muka cire mazaunin, muka kwance notunan da ke riƙe da majinginar, muka fitar da su tsakar gida tare da ƙurar shekara tara da gidan zanzaro. A baya akwai kwali mai kauri, a bayan kwalin kuma ƙarfen da ya raba ɗakin fasinja da but, da ’yan kafofi a jikinsa. Babba ba zai wuce ta ciki ba. Dattijon ya haska tocila, ya zura doguwar sandar ƙarfe ko zai taɓo harshen kubar daga ciki, amma but ɗin cike yake maƙil, kaya sun tare hanya. Baƙuwarmu ta roƙi a ba ta tocilar. Ta durƙusa ta leƙa, ta daɗe, sai muka ji ta ce a hankali, “Ga shi can. Shuɗi ne. Akwatin Papa ne.” Tana iya ganin kusurwarsa, hannunta ba ya kaiwa, ko ya kai ma akwatin ba zai fito ta kafar ba.

A nan ne wani maƙwabci ya kawo shawarar a faɗaɗa kafa ɗaya a tura yaro. Ɗan yayata, mai shekara bakwai, siriri kamar tsinke, har ya fara tuɓe riga don murna. Wannan ne karo ɗaya tak da na ji dattijon ya ɗaga murya. Ya ce ko gidan hakimi ne a cikin but ɗin ba za a sa yaro ba yana wurin. Watan Maris ne, rana ta take, ƙarfen ba ya taɓuwa don zafi. Ba wanda ya san ko kunama ko maciji ya yi gida a ciki. Kuma kubar irin wannan mota ba ta da hannun buɗewa daga ciki, in kaya suka zame suka toshe kafar, yaron ya shiga ke nan.

Bari in tsaya a kan wannan, don ya shafe ka kai da ƙannenka. But rufaffen akwati ne, a cikin rana yakan yi zafin da jikin yaro ba ya iya ɗauka, kuma ihun na ciki ba ya nisa. A bazarar 1998 yara 11 suka mutu a Amurka cikin but ɗin motoci, sun shiga da wasa murfi ya rufe da su. Bayan haka aka kafa doka a can cewa daga 1 ga Satumba 2001 duk sabuwar mota mai but sai an sa mata abin buɗewa daga ciki, wanda ake iya gani cikin duhu. Shi ya sa a motocin tokumbo da aka shigo da su daga Amurka za ka ga wani ɗan hannu na roba, ruwan ɗorawa ko kore-kore, yana reto a cikin murfin. In akwai irin wannan mota a gidanku, ka sa a buɗe but ɗin ka duba kana tsaye a waje, ka nuna wa ƙannenka. Tsofaffi irin Fijon Baba ba su da shi.

Azahar ta yi. Dattijon ya ce wa Baffa hanya biyu suka rage. Ɗaya ita ce a kawo na’urar huda ƙarfe a rarake kubar, aikin minti goma, a yi asarar kuba amma murfi ya tsira. Ɗayar kuma ita ce ya sa kubar ta faɗa masa siffar mabuɗinta da kanta. Ya ce a ba shi zuwa la’asar, in bai yi ba a kawo na’ura. Baffa ya dubi baƙuwarmu, don ita ce mai gaggawa. Ta ce, “Baba, a ba shi.”

Bayan salla ya ciro wani sabon mabuɗi na tagulla wanda ba a yanka masa haƙori ko ɗaya ba. Ya goge bakinsa da magagari mai laushi har ya yi sumul, ya kunna ashana ya bar hayaƙin ya yi masa baƙi. Ya zura shi cikin kubar, ya kama shi da filaya, ya murɗa kaɗan har ya cije, ya ɗaga sama ya sauke ƙasa sau uku, ya zare. Ya kai shi kusa da idonsa, ya juya shi a hasken rana. Ya kira ni ya ce, “Malam ƙarami, me ka gani?” Na ga ’yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a cikin baƙin, ƙanana kamar sawun tururuwa. Ya ce duk fallen da bai daidaita ba, in aka murɗa sai ya maƙale ya ciji mabuɗin, wanda ya daidaita kuwa ba ya cizo. Aikinsa shi ne ya bi inda aka ciza ya ɗan rage, shafa biyu ko uku, ba ƙari. In ya zarce, mabuɗin ya lalace, sai a sake daga farko. In ya murɗa da ƙarfi, fallayen su lanƙwashe, kubar ta mutu gaba ɗaya.

Haka ya yi ta yi. Hayaƙi, zurawa, murɗawa, dubawa, magagari. Na ƙirga har sau talatin na daina. Mabuɗin farko ya tsage a wuya, ya jefa shi jaka bai ce uffan ba, ya ciro na biyu, ya kwafe ramukan da ya riga ya samu, ya ci gaba. ’Yan kallo suka fara raguwa. Mai unguwa ya yi gyangyaɗi. Inna ta aiko da tuwon masara da miyar kuka, baƙuwarmu ta shiga ɗaki suka ci tare, muna jin su suna lissafa matan unguwa, wace ta rasu, wace ta aurar da ’ya. Yayana, wanda da safe ya so banƙarawa, shi ne yanzu tsugune yana riƙe wa dattijon kwali don ya kare masa rana. Wuri ɗaya ya daina cizo, sannan na biyu. Na huɗu ne ya ba shi wahala, ya ce sifirinsa ya gaji.

Ladan ya fara kiran la’asar ke nan, dattijon ya murɗa kamar yadda ya saba, sai filayar ta wuce da hannunsa. Mabuɗin ya juya. Bai danna maɓallin ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa Baffa, “Alhaji, bisimilla.” Baffa ya ce a yi salla tukuna. Ka yarda da ni, ban taɓa ganin sahu ya watse da sauri kamar na ranar ba.

Murfin ya ɗaga da ƙara, robar bakinsa tana ɓanɓarowa. Wani wari ya taso na tsohuwar takarda da man inji da turaren Baba. Mai unguwa ya sa ni na riƙe biro da takarda, duk abin da aka fitar in rubuta. Jak da sifana. Buhu biyu na littattafan aikin gona. Kwalabe da irin dawa da na gero a ciki, kowace da sunan ƙauye a jikinta. Sakamakon jarrabawarmu na firamare, mu takwas, an ɗaure na kowa daban. Sai akwatin shuɗi, da wani littafin rubutu ɗaure a kansa da igiyar roba.

Da aka sauke akwatin sai dariya ta ɓarke, don kuwa shi ma da kwaɗo a bakinsa. Kowa ya juya ga dattijon. Kafin ya motsa, baƙuwarmu ta zaro wata sarƙa daga wuyanta, da ɗan mabuɗi a jiki, wanda mahaifinta ya ba ta kafin ya rasu. Dattijon ya ce, “Wannan ba aikina ba ne, mai shi ta zo.” Ɗigon mai kawai ya ba ta. A ciki akwai takardar mallakar gidan, da takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun Baba a matsayin shaida, duk a naɗe cikin leda, ko danshi bai taɓa su ba.

Littafin kuwa lissafin haya ne, tun daga Afrilun 2000. Kowane wata da layinsa: abin da aka karɓa, abin da aka kashe a gyaran kwano ko yashe masai, abin da aka aika Enugu da wanda ya kai. Shafukan farko rubutun Baba ne da muka sani, ƙanana a jere kamar shukar layi. Zuwa ƙarshe haruffan sun girma sun karkace, suna hawa kan juna, don a lokacin da ƙyar yake ganin takarda. Layin ƙarshe ya rubuta shi kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. A tsakiyar littafin akwai ambulan da kuɗin wata biyu da bai samu aikawa ba. Mai unguwa ya ƙirga su a gaban kowa, suka yi daidai da abin da ke rubuce, ya sa hannu a takardata, Baffa ya sa, baƙuwarmu ta sa. Ta ɗauki littafin ta shiga ɗakin Inna, ba su fito ba sai bayan magariba.

Dattijon bai tafi ba sai da ya goge kaifin haƙoran mabuɗin, ya kulle ya buɗe sau uku, sannan ya miƙa wa Baffa. Da aka tambaye shi ladan aikinsa ya faɗi kuɗin mabuɗi biyu da na wuni guda. Yayana ya ƙara masa daga aljihunsa, ya kuma ɗauke masa keken ya tsallakar da shi dokin ƙofa.

Zaman ranar Litinin bai daɗe ba. Da aka shimfiɗa takardun da littafin, mai unguwa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, mai da’awar ya nemi a ba shi lokaci ya kawo shaidunsa, bai kuwa sake dawowa ba. Motar kuma, da aka yi rabon gado bayan Inna ta fita takaba, a kason ƙannenmu biyu ta faɗa, aka sayar wa wani bakanike daga Zariya aka ajiye musu kuɗin makaranta. Ya zo da tayoyi huɗu da igiyar ja. Da ya nemi mabuɗai, Baffa ya ba shi guda ɗayan da muke da shi. Ya juya shi a tafin hannu, ya ga sawun magagari a jikin haƙoran, ya ce, “Wannan yankan hannu ne. A ina aka yi shi?” Baffa ya nuna masa gindin darbejiya.